Ƙarasa Rayuwa A Madina: Abin Da Dattawanmu Na Shuwak Ya Kamata Su Sani Game Da Bizar Ritaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai tambayar da ta yawaita a wurin dattawanmu na Shuwak da kewayen Gadarif, musamman tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Dattijo ya ajiye aiki, ko ƙarfin noman dawa da riɗi ya ƙare masa, sai ya ce zai sayar da gona ya koma Madina ya jira ajalinsa, domin ya ji ana maganar bizar ritaya. Mun ga ya dace mu fayyace lamarin kafin wani ya rabu da dukiyarsa.

Wannan buri gado ne. Kakanninmu sun baro Kano da Sakkwato da Barno a ƙafa, suka ratsa Wadai da Darfur, niyyarsu su tsallaka teku daga Sawakin zuwa Jidda. Wasu sun fito ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da yawa guzuri ya ƙare musu a hanya, suka yada zango a bakin koguna irin Atbara da Setit, zangon ya zama gida. A zamaninsu guzuri da lafiya ne jigon tafiya. Yau sai an haɗa da takarda.

Bizar ritaya izini ne da wata ƙasa ke bai wa baƙo mai shekaru ya zauna a cikinta, bisa sharaɗin zai ci da kansa daga fansho ko ajiyarsa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana bayar da ita ta shekara 5, ana sabuntawa, ga wanda ya kai shekara 55, idan yana da gida ko ajiyar banki da ta kai dirhami miliyan 1, ko kuɗin shiga tabbatacce duk wata. Malesiya ma tana da irin wannan shiri tun 2002, shi ma sai da ajiya mai nauyi. A ko'ina manufar ɗaya ce: ƙasar tana son baƙon da zai kawo kuɗi, ba ta ɗaukar nauyin abincinsa ko maganinsa.

Saudiyya kuwa, inda zukatan mutanenmu suke, ba ta da biza mai wannan suna. Abin da ya fi kusa da ita shi ne ikama ta musamman da aka fara a 2019, wadda ba ta buƙatar kafili. Ta dindindin riyal 800,000 ce biya ɗaya, ta shekara-shekara kuma riyal 100,000 duk shekara. A farkon 2024 an ƙara wasu rukunai, ciki har da na mai gidan da ya kai riyal miliyan 4. Mai nema zai gabatar da fasfo mai aiki, da shaidar wadata, da takardar likita, da shaidar ba a taɓa kama shi da laifi ba, kuma ta shafin intanet na hukumar ake nema. Duk wanda ya ce maka zai samo ta da araha ta bayan gida, ka riƙe kuɗinka.

To, manomi ko malamin makaranta da ya yi ritaya a Shuwak, ina zai ga wannan kuɗi? A nan ne wasu ke faɗawa tarko, su shiga da bizar Umra da niyyar ba za su dawo ba. Bizar Umra iyakarta kwana 90. Hukumomin Saudiyya sun sanar cewa wanda ya wuce wa'adin bizarsa zai iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, da ɗaurin da ya kai wata 6, sannan a koro shi. Tsoho mai ciwon suga ko hawan jini da ke ɓuya, yana tsoron zuwa asibiti, ba ya iya fita jam'i da natsuwa, wace ibada ya je yi?

Ta fuskar shari'a, falalar Madina tabbatacciya ce, kuma Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke kwaɗaitar da mutuwa a cikinta ga wanda ya samu iko. A lura, an rataya abin ga iko. Wanda ya karɓi biza ya amince da wa'adinta, ya ƙulla alkawari ke nan, Suratul Ma'ida kuwa da umarnin cika alkawura ta buɗe. Haka kuma ciyar da iyali wajibi ne, zaman Madina mustahabbi ne, ba a kuma barin wajibi domin mustahabbi. Wanda ya sayar da gonar da matansa da ƙananan 'ya'yansa ke ci daga gare ta, a wannan hali na tsada da gudun hijira, ya ɗauki nauyin da za a tambaye shi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abud Darda'i ya gayyaci Salmanul Farisi ya koma ƙasa mai tsarki, Salmanu ya nuna masa cewa aikin mutum ne ke tsarkake shi, ba ƙasar da yake zaune ba.

Ga mai niyya, shawararmu ita ce:

Na ɗaya, ya gyara takardunsa. Lambar ɗan ƙasa da fasfo su dace a suna da ranar haihuwa, domin yawancin dattawanmu shekarunsu kintace ne. Tun 2023 aka buɗe wurin buga fasfo a Bur Sudan.

Na biyu, wanda yake da ɗa ko 'ya mai ikama a Saudiyya, ana iya nema masa bizar ziyarar iyali, tare da inshorar lafiya. Ana sabunta ta, amma ziyara ce, ba a aikin Hajji da ita, kuma idan ta ƙare sai a fito.

Na uku, ya lissafa haya da abinci da magani na shekara guda da riyal, ya gwada da abin da fanshonsa na fam ɗin Sudan zai saya a yau.

Na huɗu, ya biya bashi, ya rubuta wasiyya, ya bar wa iyali abin dogaro, ya yi shawara da su, sannan ya yi istihara.

Wanda Allah Ya hore masa, ya bi ta ƙofa ya tafi, muna roƙon ya sa mu a addu'a. Wanda bai samu ba, ya yi Umrarsa ya dawo cikin mutunci, ya riƙe sahun farko a masallacin unguwarsu, ya karantar da jikoki. Kakanninmu da aka binne a Shuwak da niyyar Makka a zuciyarsu, muna kyautata zaton Allah ba Zai tozarta niyyarsu ba.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya sa mu cika da imani. Wallahu a'alam.