Gidan Makama: Ginin Ƙasa Mai Shekara Fiye da 500

A zangon karatu da ya wuce Ƙungiyar Tarihi ta makarantarmu ta kai mu ziyara Kano. Mun tashi daga Dutse da sassafe, muka bi ta Wudil, kafin hantsi ya dubi ludayi muna ƙofar Gidan Makama, kusa da fadar Sarkin Kano. Da muka shiga zaure sai wani abokina ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya tambayi malaminmu ina aka ɓoye ƙarafan da suka riƙe shi. Aka yi masa dariya, amma ni ban yi ba, domin abin da ke zuciyata ke nan. Amsar wannan tambaya nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

An gina wannan gida ne a ƙarni na 15, saboda Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama. Daga baya ya zama Sarkin Kano, ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Watau gidan na nan tsaye tun kafin Kolumbas ya isa Amurka a 1492. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a cikinsa, yanzu kuwa wani sashe nasa gidan adana kayan tarihi ne. Ga wanda zai ce me ya haɗa mutumin Dutse da ginin Kano, sai ya tuna ƙasarmu tana cikin Jihar Kano har 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, kuma da irin wannan hannu aka gina tsofaffin soraye na Garu.

Bangon ba da bulo aka yi shi ba, da tubali ne. Ana kwaɓa jar ƙasa da ruwa da busasshiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta tsima, sa'an nan a mulmula ta da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana. Magini yana jera tubalan a tsaye, yana cike tsakaninsu da ɗanyar ƙasa. Bangon yana da kauri ƙwarai daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa, don kada nauyin sama ya rinjayi gindi. Kaurin nan ne ya sa muka ji sanyi a ciki, alhali a waje rana tana dukan ƙeya.

Wahalar tana wajen rufi. Itacen da ake rufi da shi azara ce, wadda ake tsagowa daga gangar jikin giginya. Gara ba ta cika cinta ba, kuma ba ta saurin ruɓewa. Amma tana da aibi guda: idan aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta iya haye fili da ya wuce kamar ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwashe ba. Ɗakin kwana ba damuwa. To, zauren da hakimi zai zauna da jama'arsa a yi shari'a fa?

Dabara ta farko ita ce a kafa ginshiƙai a tsakiyar ɗaki, su raba nauyin. Ta biyu ita ce ta fi burge ni, watau bakan gizo. Magini yana dasa azara cikin bango, kanta ya leƙo cikin ɗaki a karkace. Sai ya ɗaura wata a kanta da igiya, ta ƙara leƙowa, ya lulluɓe su da ƙasa, ya jira ta bushe. Haka yake yi daga bangon da ke fuskantar wannan. Gaɓa bayan gaɓa ƙafafun nan biyu suna rusunawa suna neman juna, har su haɗu a can sama. Ba a tokare su da katako daga ƙasa, gindinsu da ke cikin bango shi ke riƙe su. Ke nan azara ita ce ƙashi, ƙasa kuwa tsoka. Idan aka gitta baka biyu ko fiye suka haɗu a tsakiya, shi ake kira ɗaurin guga, kuma a kansa ake ɗora tulluwa. Bakan sun yanka rufin gida-gida, kowane gida bai fi ƙarfin azara ba, sai a jera ta a kai, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa. A Gidan Makama an jera azarar da tsari kamar saƙar tabarma, har ta zama ado. Na daɗe ina kallonta har wuyana ya ƙage.

Sauran abin tsoro shi ne ruwan sama. Don haka ake sa indararo ya jefa ruwa nesa da bango. Ana kuma shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi kuwa laso ake yi masa, watau katsi daga karofi, a haɗa da gashin akuya daga majema da ruwan dafara. Ku duba, marini da majemi duk suna da hannu a ginin. Zankayen da ke kan soro ado ne, ko da yake kakana, wanda ya yi sana'ar gini da ƙuruciyarsa, ya ce masu yaɓe kan maƙala igiya a jikinsu.

Shi ne kuma ya gyara mini wani kuskure. Na koma gida hutu ina ta cika baki cewa na taɓa ƙasar da aka kwaɓa zamanin Rumfa. Ya ce da wuya. Ginin ƙasa sai da yaɓe, kusan kowace shekara bayan damina, kuma inda ya zube sai a sāke ɗaga shi. Abin da ya daɗe shi ne wurin, da fasalin, da sanin yadda ake yi. Ya ce soro bai cika mutuwa da tsufa ba, sai in an yi damina uku ko huɗu ba a waiwaye shi ba.

A nan ne hankalina ya tashi. A unguwarmu soraye nawa aka rushe aka sa kwano, ɗakin ya koma kamar tanda a watan Afrilu. Wasu kuma, da kyakkyawar niyya, sukan shafe bangon ƙasa da siminti. Siminti ba ya kama ƙasa sosai. Da ya tsage sai ruwa ya shige ta baya, ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa lalacewa a ɓoye, wata rana shafen ya ɓanɓaro gaba ɗaya. Ban ce a daina aiki da siminti ba, ajinmu ma da shi aka gina. Amma na tambayi kakana maginan da suka rage a garinmu waɗanda za su iya ɗaura bakan gizo tun daga gindi har sama. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, bai cika hannu ɗaya ba, kuma a cikinsu babu wanda bai yi furfura ba.