Gyaran Kafiretar Tsohon Babur

A unguwar Madabo, cikin birnin Kano, akwai magidanta waɗanda gonakinsu ke bayan ganuwa, wajen Ungogo ko hanyar Dawanau. Tsohon babur shi ne jakinsu, musamman irin Honda CG125 wanda aka fara ƙerawa a 1975. Shi ke kai taki, shi ke komowa da damin dawa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kowa so yake babur nasa ya rage sha, sai a kama sukurun kafireta a yi ta murɗawa. Nan ɓarna take farawa.

Aikin kafireta shi ne ta gauraya iska da fetur, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi. Tana da ƙananan ƙofofin mai guda biyu waɗanda makanikai ke kira jet. Ƙaramin shi ke ciyar da inji sa'ad da yake sulo ko tafiyar lallaɓa. Babban kuwa sai an buɗe totur sosai yake aiki. Tsakaninsu allura ce ke iko.

To, wannan shi ke nuna wa mutum inda ciwo yake. In babur yana mutuwa cikin lungunan Madabo, inda ba a wuce giya ɗaya saboda yara da awaki, amma ya hau titi ya miƙe lafiya, ƙaramin jet ne ya toshe. In lafiya yake cikin lungu, sai a kan hanya da kaya ya riƙa shaƙewa, a duba babban, a duba ko mai yana sauka daga tanki sosai.

Amma kafin a taɓa kafireta, a kwance filogi. Wanda bakinsa ya yi ruwan ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, lafiya lau. Baƙi mai ƙunar hayaƙi, mai ya yi yawa, kuma galibi laifin soson tace iska ne da ƙurar hunturu ta cika shi. A wanke soson, a shanya, a shafa masa ɗan baƙin mai a matse. Fari fat kuwa, watau mai ya kasa, shi ne abin tsoro. Injin da aka hana mai zafi yake yi fiye da kima har ya ƙone bawul ko fistin, kuɗin da aka tsimi a wata uku ya tafi rana ɗaya, watakila ma ana tsakiyar shuka. Robar da ta haɗa kafireta da inji in ta tsage, ita ma haka take jawowa.

Fetur na kwalba a bakin hanya yakan zo da ruwa da tsaki. A kwance ƙoƙon da ke ƙarƙashin kafireta a zubar, a wanke jet da fetur mai tsabta, a hura da famfon keke. Kada a zura masa waya ko allurar ɗinki. Ramin zai faɗaɗa, ba ya kuwa komawa.

Sa'an nan ne za a zo ga sukuru, bayan inji ya yi zafi. A ɗaure shi a hankali har ya tsaya, ban da ƙarfi, a sassauto zagaye ɗaya da rabi. Daga nan a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ana saurare, a tsaya inda kukan inji ya fi daidaita, kana a sauke sulo da ɗaya sukurun.

In mai yana ɗiga daga ƙoƙon, allurar da ke tsai da mai ta ci, sai sabuwa. Mai ajiye babur a soro lalle ya rufe makunnin mai kowane dare, don soro ba ya rasa mai shigowa da fitila ko garwashi.