Ko Ya Kamata Rafali Ya Yi wa Yara Magana Kafin Wasa?

'Yan'uwa, da yawa cikinmu idan mun gama kwas aka tura mu makarantu, ba alli kaɗai za a miƙa mana ba, har da usur. To, ga yara ashirin da biyu sun jeru, ƙwallo yana tsakiya. Malam ya busa kurum, ko kuwa ya fara yi musu magana?

Dokokin ƙwallo 17 ne, ba kuwa wadda ta ce rafali ya yi jawabi. Aikinsa kafin wasa kaɗan ne: a duba kada wani ya shiga da zobe ko awarwaro ko abin da zai ji wa ɗan'uwansa ciwo, sa'an nan a jefa kwabo gaban kyaftin biyu. Saboda haka waɗansu suna cewa rafali ya kama bakinsa. Suna da hujja. Wanda ya ce, "Duk wanda ya yi ƙeta sai na kore shi," ya ɗaure kansa da igiyarsa. In ya kori yaro kan ɗan tuntuɓe ya yi zalunci, in ya ƙyale shi kuwa, yara sun gane maganarsa iska ce.

Amma ni ina ganin shiru ya fi haɗari. A 1966, a filin Wembley, Ingila ta kara da Ajantina. Rafalin, Rudolf Kreitlein, Bajamushe ne. Ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattin, shi kuwa ya ƙi fita, yana neman tafinta, wasa ya tsaya cik. Wannan rikici ne ya sa wani Baturen Ingila, Ken Aston, ya yi dabarar katin rawaya da ja, aka fara aiki da su a Meziko a 1970. To, in manya sun kasa fahimtar juna, ina ga yaranmu na Mubi, inda a fili ɗaya za ka sami mai jin Gude, da mai jin Fali, da mai Fulatanci, da wanda Hausarsa ta kasuwa ce kawai?

Ban da haka, wasan yara ba daidai yake da na manya ba. Doka ta yarda a rage musu lokaci da girman fili. Su kansu dokokin suna sakewa: tun 2025, gola da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, sai a ba abokan gāba bugun kwana. Yaron da bai taɓa jin wannan ba, in aka hukunta shi, ba zai ce doka ce ba, cewa zai yi Malam ya cuce shi.

Saboda haka a yi magana, amma gajeruwa, cikin harshen da kowa ke ji. A tara ɓangarorin biyu tare a tsakiyar fili. Wannan ya zama tilas musamman idan rabinsu 'yan ajinka ne, gama in baƙi suka hango ka kana raɗa da naka, wasa ya lalace tun ba a taɓa ƙwallo ba. Ka faɗa musu minti nawa za a yi, da mutum nawa za a canja, da cewa mai ƙara ya bi ta bakin kyaftin. Ka tambaya ko akwai wanda bai gane ba, ka dakata kaɗan, don mai kunya ba ya saurin ɗaga hannu. Sa'an nan ka jefa kwabonka.