Isowar Likita Mila Ƙasar Zazzau

Tun kafin Likita Walter Miller, wanda Hausawa suka fi sani da Likita Mila, ya taka ƙasar Hausa, sai da ya zauna a Tarabulus yana koyon harshen daga bakin alhazai da fatake, domin ya fahimci cewa baƙon da ya zo da niyyar karantar da 'ya'yan mutane, alhali kuwa bai iya gaishe da iyayensu ba, ba zai sami ko da ɗalibi guda ba. A shekarar 1900 ya iso Kano cikin tawagar Bishop Tugwell ta ƙungiyar mishan ta CMS, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka juyo zuwa Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu.

Sai a 1905 ya sami mazauni a birnin Zariya, garin da ya riga ya cika da malamai da makarantun allo, inda kowace safiya ake jin ƙira'ar almajirai daga zaure zuwa zaure. Ba abin mamaki ba ne da iyaye suka yi ɗari-ɗari da shi, gama al'amarin addini ba abin wasa ba ne a wurinsu, kuma haƙiƙa suna da hujja. Duk da haka ya tara yara kaɗan a gidansa, yana ciyar da su, yana yi musu magani, yana koya musu boko da lissafi da Linjila.

Daga bisani aka mayar da wannan makaranta tasa zuwa Wusasa, kuma a cikin ɗalibanta aka sami Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa.