Wace manhajar ganga ce ta dace da mai haɗa kiɗa a ɗaki?

Tun da na fara haɗa kiɗa a ɗakina nan Ƙaura Namoda, tambayar da ta fi zo mini daga samarin Shinkafi da Zurmi ita ce: "Wace manhajar ganga zan sa wa kwamfutata?" To yau ga amsa, kuma sai da na yi asarar kuɗin data kafin na gane ta.

Manhajar ganga ba wani sihiri ba ce. An ɗauki sautin ganga ta gaske ne, bugu ɗaya-ɗaya, mai taushi da mai ƙarfi, aka zuba a kwamfuta, kai kuma ka jera su yadda kake so. Aikin da makaɗan Kannywood suka daɗe suna yi da fiyanon Yamaha ke nan, sai dai nan kai ke da iko da kowane bugu.

Kafin ka saukar da komai, duba abu uku.

Na farko, ƙarfin kwamfutarka. Mafi yawanmu ta hannu muke riƙe da ita, mai RAM 4. Superior Drummer 3 na kamfanin Toontrack na ƙasar Suwidin ya haura gigabait 200 in ka ɗauko shi duka. Ko ƙanensa EZdrummer 3, wanda ya fito a 2022, ya wuce gigabait 10. Lissafa kuɗin data da kanka, ka haɗa da batirin da ba ya kai awa biyu in an ɗauke wuta.

Na biyu, shin tana aiki ba intanet? Kar ku manta da watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya na tsawon makonni. A lokacin ina da waƙar biki a hannu, an ba ni rabin kuɗi, kwamfutata ta lalace aka sake mata Windows. Manhajar da na dogara da ita ta ce sai ta ga intanet za ta buɗe. Da gangunan da ke cikin FL Studio na ƙarasa aikin, ba don su ba da na mayar da kuɗin mutane.

Na uku, kuma shi ne babba, wane irin kiɗa kake yi? EZdrummer da Addictive Drums 2 da MT Power Drum Kit 2, wanda kyauta ne kuma marar nauyi, duk gangunan Turawa ne, irin waɗanda mutum guda ke zama yana bugawa da sanduna biyu. Suna da daɗi ƙwarai, amma in nanaye kake yi, irin salon Umar M. Shareef ko Nura M. Inuwa, ba su kaɗai za su fisshe ka ba. Native Instruments suna da wani kundi mai suna West Africa, da jembe da balafon da kora a ciki, amma kiɗan ƙasashen Mali da Gine ne. Kunnen Bahaushe na ji zai ce wanga ba namu ba ne.

Shi ya sa shawarata ga mai farawa ita ce FPC, wanda ke zuwa tare da FL Studio. Yana da gurabe 16 a kowane shafi, kowane gurbi kana iya zuba masa sautin da ka ga dama, har ka jera bugu mai taushi da matsakaici da mai ƙarfi a gurbi guda. Mai Cubase kuma yana da Groove Agent SE, aikinsu kusan ɗaya.

To ina za ka samo sautin? Haba, a ƙasar da ta haifi Narambaɗa na Tubali da Kassu Zurmi muna neman ganga a intanet? Ni makaɗin kalangu na samu a ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi, muka yi ciniki na biya shi haƙƙinsa. Na kai shi ɗaki mai katifa da labule, muka kashe fanka, na ɗauki kowane bugu sau biyar da waya. Na dawo gida na yanyanka su a Edison, na zuba a FPC. Har gobe da su nake aiki.

Sai dai kalangu na da wuyar sha'ani. Makaɗi na matse tsirkiya a hammata, murya ta hau ta sauka, shi ya sa ake cewa yana magana. Bugu guda da ka yanka ba zai yi hakan ba. Don haka ka ɗauki gajerun jimloli sukutum, kada ka tsaya ga bugu ɗaya-ɗaya. Haka kotso, da hannu ake kaɗa shi, sai ka matso da waya kusa don a ji yatsu.

Wani kuskure da na daɗe ina yi: barin layukan FL Studio a rabon huɗu-huɗu. Da yawan kiɗan gargajiyarmu uku-uku yake tafiya. Mayar da rabon zuwa 1/3 ko 1/6, kuma kada kowane bugu ya zo da ƙarfi iri ɗaya, in ba haka ba kiɗan zai fito kamar injin niƙa.

Maganar manhajar sata da ake zuba wa mutane a filashi kuwa, na gwada, ƙwayar cutar da ta biyo ta ta cinye mini waƙoƙi bakwai. Araha ba ta ado. In ba kuɗi, riƙe na kyauta har Allah Ya hore.

Wanda ke da sautin taushi ko kurya da ya ɗauka da kansa, don Allah ya yi mini magana mu yi musaya.