Wasan da ke hana yaran Amurka barci

Wata Juma'a a watan Oktoban 2018 ina aikin dare a wani asibiti a Boston. Wani dattijo da muke jinya ya ƙi yarda a kashe masa talabijin, wai sai an tashi daga wasa. Na ba shi maganin ƙarfe goma, na dawo ƙarfe biyu na auna jininsa, yana nan ido biyu. Sai wajen uku da rabi na dare aka tashi, kuma ƙungiyarsa ta Red Sox ce Dodgers suka cinye. Awa 7 da minti 20 aka shafe a wannan karawa ta gasar World Series.

A lokacin dariya na yi. Yanzu da ɗana mai shekara tara ya kamu da son besbol, dariyar ta koma ciki.

Ga wadda ba ta taɓa kallo ba: mutum ɗaya ke jefo ƙwallo, abokin hamayya ya maka mata sanda ya ruga da gudu. Ba minti 90 ake ƙirgawa ba kamar ƙwallon ƙafa. Zagaye tara ake yi, in an yi kunnen doki a ci gaba har sai an sami gwani. A 1981 wasu ƙananan ƙungiyoyi biyu, Pawtucket da Rochester, sun yi zagaye 33. An dakatar da su bayan ƙarfe huɗu na asuba, 'yan kallo 19 kacal suka rage a filin, sai a watan Yuni aka ƙarasa.

Amma ba irin waɗannan ne suka gundiri mutane ba, jan jiki ne na kullum. Mai jifa ya gyara hula, ya murza ƙwallo, ya waiga. Mai sanda ya ja baya, ya kwance safar hannu, ya sake ɗaurewa. Ke kuma kina zaune, kwanuka na jiran ki. A 2021 matsakaicin wasa ya kai awa 3 da minti 10, ga shi kowace ƙungiya wasa 162 take yi a kaka guda, da yawa a daren da gobe akwai makaranta. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wasan da aka fara bakwai na yamma aka tashi bayan goma, ki yi lissafin da kanki.

A 2023 hukumar gasar ta MLB ta kawo agogo. Mai jifa na da daƙiƙa 15 ya saki ƙwallo, ko 20 in akwai ɗan wasa da ke jiran gudu, wanda aka rage zuwa 18 a shekarar da ta biyo. Wanda ya yi nawa a hukunta shi. Nan take wasa ya sauko zuwa kusan awa 2 da minti 40.

A matsayina na uwa, na yi murna. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, akwai abin da ya tsaya min a rai. A 2024 ƙungiyar 'yan wasan ta ɗora wa agogon alhakin yawan raunin gwiwar hannu a tsakanin masu jifa, hukumar kuma ta musanta, ta ce ƙarfin jifan ne ya yi yawa. Jijiyar da ke riƙe gwiwar hannu 'yar ƙarama ce, in ta tsinke sai tiyata, mutum ya yi shekara ko fiye bai taka fili ba. Ɗana ya fara jifa a ƙungiyar yara ta unguwa, don haka duk ran da ya dawo sai na tambaye shi ko hannun na ciwo. In ya ce eh, babu jifa sai ya warke, ko da zai yi kuka.

Kallo kuwa mun yi yarjejeniya: ranar makaranta ƙarfe tara ake kashe talabijin, da safe ya ga sakamako a wayata. Babansa ne dai har yanzu ban shawo kansa ba.