Ladabin Ɗakin Koyon Judo a Ƙasar Japan

Judo wata irin kokawa ce ta mutanen Japan, wadda Jigoro Kano ya tsara. Sunan nan nasa ba shi da dangantaka da birnin Kano, dacewa ce kurum. Cikin shekarar 1882 ya kafa makarantarsa, Kodokan, a birnin Tokyo. Ɗakin koyon kuwa dojo ake ce da shi.

Almajiri ba ya hawa tabarmar dojo da takalmi, ba ya kuma barin farce. Yakan rusuna in zai shiga, ya rusuna wa malami, sa'an nan ya rusuna wa abokin karawarsa kafin su kama juna da bayan sun rabu. Baƙo yakan zaci al'ada ce kawai, amma abin ya wuce nan. Gama cikin judo akwai shaƙe wuya da murɗe gwiwar hannu, watau kowa amanar jikinsa ya danƙa wa ɗan'uwansa. Wanda abin ya fi ƙarfinsa sai ya bubbuga tabarma ko jikin abokinsa sau biyu, nan take a sake shi. Wanda ya yi kaye kuwa ba ya sakin hannun rigar wanda ya kayar, don kada kansa ya bugu da ƙasa.

Ladabin nan bai tsaya ga Japanawa ba. A wasannin Olamfik na Tokyo, 1964, Anton Geesink mutumin Holan ya ci Akio Kaminaga na Japan. Da mutanensa suka taso za su hau tabarma don murna, sai ya ɗaga hannu ya dakatar da su, domin shi da Kaminaga ba su riga sun rusuna wa juna ba.